Inda Hadarinmu Yake Zuwa

Ƙarfe uku da minti ashirin na yamma abin ya fara lalacewa. Ba ƙiyasi nake yi ba, a rubuce yake. Littafin yana gabana yanzu, bangonsa ya yi laushi kamar tsohon zane, kuma in na buɗe shi har yau warin akwatin ƙarfe da kanumfari yake tasowa. A shafin wannan rana, da hannuna na 'yar shekara goma sha biyu, na rubuta: "Iska ta tsaya. Kaka ta ajiye mazari." Daga nan babu sauran rubutu, sai tabon ruwa da ya cinye rabin layi.

Bari in koma baya kaɗan, mai karatu, don ka san inda muke. Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo. Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama. An aiko wa dagacinmu ya ba da yarinya ɗaya don makarantar kwana ta 'yan mata a birnin Kano, kowa ya ɓoye tasa, abin ya faɗo kaina. Baba bai so ba, amma bai iya musa wa dagaci ba. Ranar da zan tafi ya ce da Inna, ina ji, shi zai sa ido, duk ranar da ya ga karatun nan ya fara ɓata ni, to na gama, ko da kuwa zai je gaban hakimi ne. Saboda haka kowane hutu nakan dawo gida kamar mai ɗauke da ƙwaryar ƙwai. Ina son makarantar nan fiye da yadda na taɓa faɗa wa kowa.

Ni kuwa dama ba mai faɗa ba ce. Gwaggo, ƙanwar Baba, takan ce sai an kai kunne bakina kafin a san ko gaisuwa nake ko tari. A aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Amma in aka ce a kwafi abu, babu wanda ya kai ni. Nakan ja layi da rula har a gefen shafin da babu mai dubawa.

A zangon da ya wuce kafin wannan hutu, malamarmu ta labarin ƙasa, wata doguwar Baturiya mai Hausa a daddatse, ta kawo ƙwallon duniya aji. Ta juya shi, ta juya shi, har ta kai wani gefe da babu komai sai shuɗi. Ta ce wannan teku ce, sunanta Fasifik, kuma a kanta ake haihuwar wata mahaukaciyar guguwa da ta fi ƙasar Kano faɗi. Ta zana ta a allo kamar katantanwa, da ɗan fili a tsakiya. Wannan filin, in ji ta, shi ne ido. In guguwar ta hau gari, iska takan yi ta ɓarna, sai kuma ta tsaya cak, har a ga rana. Mutane su ɗauka an gama, su fito duba rufinsu da dabbobinsu. Alhali ido ne yake wucewa ta kansu. Can iskar ta dawo ta ɗaya gefen, ta fi ta farko muni, ta same su a fili. Na kwafi zanen sau uku kafin ya yi mini daidai. Mutanen nan da suka fito duba rufi kuwa sun daɗe ba su bar raina ba.

Da za mu tafi hutu sai ta ba mu aiki: kowace rana mu rubuta yadda sama take, ta ina iska ta fito, ƙarfe nawa ta sauya. Baffa, ƙanen Baba, wanda ya je yaƙi, ya ara mini agogonsa. Ya yi wa hannuna yawa, don haka na sa masa zare na rataya a wuya.

Ƙarshen bazara ne. Zafi ya kai inda ko kaji sai su buɗe baki su kwanta a gindin randa. Ƙasa ta yi fari, rijiya ta yi nisa, kowa yana duban gabas yana lissafin kwanaki. A irin wannan lokaci ake gyaran rufi. Babban rumbunmu na ƙasa yana tsakar gida, a cikinsa akwai geron da dawar da za su kai mu har sabon gero ya nuna. Baba da Baffa suka sauke jinkarsa ƙasa, suka kwana biyu suna yi mata sabon shuci. Har yanzu ina jin ƙamshin busasshiyar ciyawar nan. Suka gama da hantsin ranar kasuwar Gwarzo. Ɗora jinka aikin maza ne, kuma ba na mutum biyu ba, maƙwabta kuwa duk sun riga sun kama hanyar kasuwa. Rumbu ya zauna baki buɗe.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana zaune a ƙarƙashin rumfa tana kaɗi. Ita ce agogon unguwarmu a kan sha'anin sama. Matan unguwa sukan leƙo su tambaye ta kafin su baza shanya, maza kuma sukan aiko a tambayo ta ko wannan ruwan ya isa shuka. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "A nemo mutane a ɗora kafin ku tafi."

Baba ya dubi sama. Ko ƙyallen gajimare babu. Ya ce, "Iya, ai ruwa da sauran kwana. Da la'asar sakaliya mun dawo da jama'a, mu ɗora."

"Gwiwata ba ta ce haka ba."

Baffa ya yi dariya ya ce gwiwar Iya ta fi rediyon hakimi labari. Suka ja jaki suka fita.

Haka muka wuni. Na rubuta da azahar cewa iska tana fitowa daga yamma, kaɗan-kaɗan. Sannan, ƙarfe uku da minti ashirin, ganyen durumin ƙofar gida ya daina motsi. Kaka ta ajiye mazari, ta ɗaga hanci kamar mai neman inda ake suya. Na miƙe na leƙa ta kan danga. Can wajen Kabo sama ta yi baƙi ƙirin daga ƙasa har rabinta, gindin baƙin kuma ja ne.

Kaka ta ce, "A ɗauko gwafanni."

Mu biyar ne a gidan: Kaka, Inna, Gwaggo, matar Baffa, da ni. Muka kama jinkar muka ja ta zuwa gindin rumbu, tana yankar mana hannu. Ba mu kai ga ɗagawa ba iskar ta iso. Sanyi ne ya fara dukan fuskata, sannan ƙara, kamar garken shanu ya tsinke. Kaka ta sa aka kifa turame biyu a bakin jinkar don kada ta tashi, ta kora mu ɗakinta.

Daga cikin ɗaki muna jin gidan yana watsewa. Zana ta tashi, ƙore suna gudu a tsakar gida, akuya tana ta kuka a turke. Duhu ya rufe kamar magariba. Inna tana salati, matar Baffa ta rungume gwiwoyinta. Ni ina bakin ƙofa, na danne agogo a ƙirjina.

Sai iskar ta tsaya. Ba raguwa ta yi ba, yankewa ta yi. Aka ji shiru har ina jin tafiyar agogon. Wani ɗan haske rawaya ya faɗo tsakar gida.

Na san wannan shirun. Na zana shi sau uku.

Gwaggo ta miƙe tana ɗaure zane. Ban san lokacin da na tare ƙofa ba. Na kafa hannu ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, na ce kada wanda ya fita. Muryar da ta fito daga bakina ni kaina ban taɓa jin ta ba. Na ce ido ne, iskar za ta dawo ta yamma, duk wanda ta samu a fili ya mutu, haka mutanen gaɓar teku suka mutu, a littafi yake.

Da wata ce ta faɗa, da Gwaggo ta ture ta ta wuce. Amma ni ce, wadda ba a taɓa jin muryarta ba, ga hawaye, ga agogon soja a wuya. Suka tsaya. Matar Baffa ta ce ita ma mijinta ya taɓa ba ta labarin wata iskar teku da ta ɗaga jirgi. Inna ta kama zanen Gwaggo ta ce a dakata tukuna. Suna ta duban juna, shiru yana ta tafiya.

Kaka tana can ƙuryar ɗaki, kuma tashi yana yi mata wuya. Sai da ta dafa gado, ta dafa bango, sannan ta iso gabana.

"Matsa, 'yar boko."

Ban matsa ba. Tun da aka haife ni ban taɓa ƙin maganar babba ba sai ranar. Na ce, "Kaka, za ta kashe ki."

Ta dube ni, ba da fushi ba. Ta ce, "Wannan taku ce, ta teku. Namu hadarin ba ya waiwaye. Ya busa, ya ja numfashi, sai ruwa. Wannan numfashin shi kaɗai ne rabonmu, kin kuwa cinye rabinsa." Ta ɗaga hannuna kamar yadda ake ɗaga asabari, ta wuce ta ƙarƙashi.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da nake alfahari da shi har gobe. Gwaggo ta ɗaure zane a ƙugu ta hau tsani. Inna da matar Baffa suka sa gwafa a bakin jinkar ta gefe biyu, ni da Kaka muka kama na uku. Muka ɗaga, ta karkace, ta zame ta dawo ƙasa. A lokacin ɗigon farko ya faɗo a bayan hannuna, babba kamar goro. Muka sake, kowa yana turawa a lokacin da ya ga dama, ta sake zamewa. Ruwa ya kece. Ina jin yadda yake zuba cikin rumbu, a kan abincinmu.

Kaka ta share fuska ta ce, "Ku daina yi kamar maza. Lugude za mu yi."

Duk macen da ta taɓa daka da wata a turmi ɗaya ta san abin da take nufi: wannan ta sauke taɓarya, wannan ta ɗaga, ba a haɗuwa, ba a barin turmi ya huta. Kaka ta fara buga ƙafa a ƙasa tana ba da kiɗan. Inna ta tura, ta riƙe. Matar Baffa ta tura, ta riƙe. Mu muka tura, muka riƙe. Jinkar ta fara hawa bangon rumbu taki ɗaya-ɗaya, kamar tsohuwa tana hawan tudu, ba ta taɓa rasa mai riƙe da ita ba. Gwaggo a sama ta cafko bakinta ta ja, ta kwanta a kanta da dukan jikinta. Muka ji jinkar ta zauna. Muna tsaye cikin ruwa, kallabi ya tafi, babu mai ganin ɗan'uwansa sosai. Gwaggo ta sauko tana haki ta ce, "To, a gaya wa masu gemu."

Iska ba ta dawo ba. Ruwa ya yi ta zuba a miƙe har ya gaji, hadarin ya wuce yamma, ya je ya tarar da su Baba a hanyar Gwarzo ya jiƙa su sharkaf.

Washegari aka buɗe rumbu. Dammunan sama duk sun sha ruwa. Muka kwashe muka baza a tabarmi, amma rana ta ƙi fitowa sosai kwana biyu. Wasu suka yi baƙi, wasu suka fara tsiro. Abin da ya lalace zai ciyar da gidanmu kwanaki masu dama a tsakiyar damina, lokacin da hatsi yake tsada. Babu wanda ya ce da ni komai. Amma na iya lissafi. Da ban tare ƙofa ba, da an ɗora kafin ɗigon farko, ko kuma dab da shi.

Labari biyu suka zaga ƙauye. Na farko, matan gidanmu sun ɗora jinka su kaɗai, har tsofaffi suna zuwa kallon rumbun. Na biyu, 'yar boko ta tsare iyayenta a ɗaki saboda wata iska da take cikin littafi. In na je rijiya sai a ce, "Malama, yau idon zai zo, ko mu yi shanya?" Nakan sunkuyar da kai in ja guga.

A kwana na uku Baba ya ce da Inna, a tsakar gida, ba da ƙarfi ba, akwatina na makaranta a kai shi ɗakin Iya a zuba auduga a ciki. Ya ce karatun da zai sa yarinya ta tare wa uwar ubanta ƙofa, ya ga iyakarsa. Shi ke nan abin da ya faɗa. Na shiga bayan rumbu na zauna. Ban yi kuka da sauti ba, don ban ga wanda zan ba laifi ba.

Kashegari bayan azahar Kaka ta kira ni rumfa. Baba yana gefe yana sa wa fartanya sabuwar ƙota, Baffa yana kishingiɗe. Ta ce, "Ɗauko littafin nan. Wannan mai idon, ina so in ji ta tun daga haihuwa har mutuwa. Ki ɗaga murya, na san yanzu kina da ita."

Na ɗauko. Na buɗe shafin guguwar. Na ce ana haifarta ne a inda ruwan teku ya ɗumama, bayan rana ta daɗe tana dukansa. Farkonta ba komai ba ne, 'yan gizagizai ne suka taru, irin waɗanda ba mai kula su. Tururi yana tashi daga teku tana sha, tana sha tana girma. Sai ta fara juyawa.

"Kamar wannan?" Kaka ta murza mazari a kan tasa. Ya yi ta juyi, gefensa ba ya ganuwa don gudu, tsinken tsakiya kuwa kamar a tsaye yake.

Na ce kamar wannan. Na nuna mata tsinken na ce nan ne ido.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "To, wannan kam ba ƙarya. Ci gaba."

Na ce takan yi kwana da kwanaki tana tafiya a kan ruwa, babu mai ganinta sai masu jirgi. Da yawa a can suke ƙarewa, in sun shiga ruwa mai sanyi. Amma wata takan juya ta nufi gaɓa, wajen wata ƙasa da ake kira Meksiko, inda masunta suke da garuruwa a bakin ruwa. Kafin ta iso, takan turo teku a gabanta. Ruwa ya taso ya fi katanga, ya shiga gari. A sami kwale-kwale a kan bishiya. Rufi ya tafi, bango ya bi shi. In ruwan ya janye, rijiyoyi sun yi zartsi, gonaki sun sha gishiri.

Baba ya daina sassaƙa. Bai dube ni ba, amma ya ce, "Gishiri a gona?"

Na ce e, Baba, sai an yi ruwan sama mai yawa ya wanke kafin ta sake yin amfani.

Ya girgiza kai. Baffa ya ce shi dai ya kwana a kan teku, kuma abin da yarinyar nan take faɗa kaɗan ne daga halinta.

Na ce bayan gaɓa akwai duwatsu. In guguwar ta hau su sai ta juye duk ruwan da ta sha, ƙasa ta narke ta gangaro kan ƙauyukan gindin dutse. Amma hawan nan shi ne ajalinta. Ta rabu da teku, babu sauran tururi. Idon ya rufe, juyin ya warware, cikin kwana ɗaya ko biyu ta koma ruwan sama kamar kowane.

"An yaye ta ke nan," in ji Kaka. Sannan ta ce, "Allah sarki. Su kuma waɗannan bayin Allah, in duk gari ya rasa rufi rana ɗaya, wa zai taya wani ɗauka?" Ta yi musu addu'a, muka shafa, har da Baba.

Sai ta ce, "Kin faɗi inda tasu take fitowa da inda take mutuwa. Namu hadarin fa? Shekara saba'in ina ganinsa yana fitowa ta Kabo yana wucewa ta Gwarzo. Ban taɓa ganin gawarsa ba. Ina yake zuwa?"

Na buɗe shafi, na rufe. Na ce ba a koya mana ba.

Ta juya wajen Baba. "Ka ji ko? Rabin karatu gare ta. Ta san na mutane, ba ta san namu ba, shi ya sa ta tare ƙofa. Wanda ya sha rabin magani ai ba a ƙwace ƙoƙon, sai a ce ya shanye."

Baba ya ce, "Iya, hatsin da ya lalace fa?"

"Mutum biyu ne suka ƙi jin maganata ranar nan. Ɗaya da hantsi, ɗaya da yamma. Ta yamman dai tsoro take kada in mutu. Na hantsin kuwa, ban san ko wace makaranta ce ta ɓata shi ba."

Baffa ya tuntsire da dariya har ya tashi zaune. Baba ya sunkuyar da kai yana duban ƙotar hannunsa kamar yau ya fara ganinta. Kaka ta ɗauki mazarinta ta ce, "Ni nake aikenta. Ta koma ta tambayo mini inda hadarinmu yake zuwa. Ranar da ta kawo amsa, sai ka zuba audugarka."

Aiken uwa ba a tare shi. Ranar komawa Baba da kansa ya ɗora akwatina a kan jaki har bakin hanyar mota.

Na tambayi malamarmu a makon farko, bayan kowa ya fita, da muryata ta da. Ta yi tunani, ta ce ita ba ta sani ba, wataƙila yakan zubar da ruwansa ne a daji ya ƙare. Na rubuta, amma na sa alamar tambaya a gefe, don ta ce wataƙila. Da na kai wa Kaka sai ta ce wataƙila ba amsa ba ce. Daga nan abin ya zama gaisuwarmu. Kowane hutu, kafin in ajiye kaya, sai ta ce, "An samo?" In ce, "Tukuna, Kaka." Sai ta ɗaga murya yadda Baba zai ji daga zaure: "To, sai a koma." Haka na gama wannan makaranta, na shiga ta horon malamai. Daga baya Baba da kansa yakan riga ta tambaya, yana murmushi. Na daɗe ina zaton dabara ce kawai ta yi don ta tsare mini karatu. Amma a ciwonta na ƙarshe, shekarar da na fara koyarwa, aka yi hadari da yamma, ta sa aka ɗaga asabari tana kallonsa yana wucewa, ta ce da ni, "Har yanzu dai?" Sai na gane da gaske take son sani.

Na koyar da labarin ƙasa shekaru masu yawa. Na zana katantanwar nan a allo ban san iyaka ba, kuma kowane aji sai na gaya musu cewa namu ba ya waiwaye. Na tambayi masu duba makarantu, na tambayi littattafan da suka zo hannuna. Kowa ya san inda damina take fitowa. Inda hadarin yake ƙarewa kuwa, ba wanda ya ɗauke shi tambaya.

Yanzu in na je ƙauyenmu babu rumbu ko ɗaya a gidan. Hatsi yana buhu a ɗakin ajiya, rufi duk kwano ne, in ana ruwa ba ka jin maganar na kusa da kai. 'Yan mata ba su san lugude ba, inji ke yi musu. Ba a tambayar gwiwar kowa, waya ake dubawa. Ban ce da ya fi yanzu ba, don na tuna ƙaiƙayin shuci da baƙin gero. Amma na ga mata huɗu da yarinya sun ɗora jinka cikin ruwa, kuma jininsu ne a jikina.

A daminar bara jikata ta zo hutu. Ilimin yanayi take karanta a jami'a, kuma ta gado ni wajen rashin magana. Ta tarar da ni da littafin nan a cinya, ta karɓa tana dariyar rubutuna, har ta kai zanen. Na ba ta labarin duka. Sannan, don sabo kawai, ba don ina sa rai ba, na yi mata tambayar Kaka.

Ba ta yi dariya ba. Ta fito da wayarta ta nuna mini hoton duniya daga sama, fararen dunƙulen gizagizai a jere sun ratsa ta kanmu sun nufi yamma, kamar ayarin fatake. Ta sa yatsa a kan ɗaya ta ja shi a hankali.

Ta ce, "Yawancinsu a hanya suke ƙarewa, Hajiya, malamarku ba ta yi ƙarya ba. Amma iskar da take goye da su ba ta tsayawa. Takan fita teku ta wajen Senegal, ta ƙetare Atlantika. Wata har ta tsallake 'yar siririyar ƙasar nan ta kudu da Meksiko ta faɗa Fasifik, ta sami ruwa mai ɗumi, a can ta fara juyawa. Wannan da kika zana, ba mamaki ta kan rumbunku ta wuce tana jaririya, idonta bai buɗe ba tukuna."